Tsakanin Gwaninta da Ciniki: Muhawarar da Kano Ba Ta Gama Ba

A al'adar Kano, idan ranar Hawan Nassarawa ta zo, sarki yakan fito daga Gidan Rumfa tare da hakimansa, a biyo ta Ƙofar Nassarawa, a nufi gidan sarki na Nassarawa da kuma gidan gwamnati. Wanda ya samu wurin tsayawa a bakin ƙofar nan zai ga aikin gwanaye yana wucewa ta gabansa: sirdi da jalala, linzami da likkafa daga hannun maƙera, takalman da dukawa suka ɗinka, manyan riguna masu aska takwas waɗanda maɗinki ya yi watanni a kansu, ga algaita da kakaki, ga maroƙa suna wasa iyayen gidansu. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da aka yi kyauta. Kowanne akwai wanda ya sa a yi, ya faɗi yadda yake so, ya biya. Duk da haka ban taɓa jin an ce maɗinkin nan ya zubar da darajar sana'arsa don ya karɓi lada ba.

Amma ka bar ƙofar ka nufi Ƙofar Wambai, ko Bata ta wajen Sabon Gari, inda aka yi shekaru ana cinikin kaset-kaset na finafinan Hausa da littattafan hikaya, sai ka ji magana ta sauya. A nan ne ake cewa ciniki ya cinye fasaha, marubuci ya koma ɗan tireda, darakta ya koma yaron ɗan kasuwa. Wasu kuma su ce ba don cinikin nan ba da Hausa ba ta samu marubuta da masu karatu irin waɗanda ta samu ba. An haura shekara talatin ana wannan ja-in-ja, kuma kowane ɓangare yana da abin da ya riƙe wanda ba a iya ƙwacewa daga hannunsa da baki kawai.

Masu kukan cewa kasuwa ta yi ɓarna sun samu murya mai ƙarfi a shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya kira sababbin littattafan nan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci da aka yi yayinsu a kasuwar Anacha. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna cikin waɗanda suka tsaya wa marubutan, aka yi ta fafatawa a jaridu da mujallu, musamman a shafin adabi na jaridar New Nigerian wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi. Hujjar masu sukar ba ta ƙiyayya ba ce, daga yadda sana'ar take tafiya suka ɗauko ta. Marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, shi ne mai biyan maɗaba'a daga aljihunsa. Idan an buga ya kai wa masu kantin littattafai, sau da yawa bashi, sai an sayar a ba shi nasa. Wanda jarinsa ya maƙale haka ba shi da halin ya ajiye labari ya kwana biyu ya sake duba shi. Daga nan aka samu al'adar yanka labari ɗaya gida uku ko huɗu, kowane kashi siriri, a tsaya a daidai inda ran mai karatu zai tashi don ya dawo ya sayi na gaba. Labarin da shafi ɗari zai ishe shi sai a ja shi da doguwar hirar saurayi da budurwa da lissafin kayan lefe. Ƙa'idojin rubutu suka sha wuya, a raba abin da ya kamata a haɗa, a haɗa abin da ya kamata a raba. Idan kuma wani littafi ya karɓu, kafin wata uku ka ga 'yan'uwansa sun cika tebur, suna ɗaya ko kusa da ɗaya, da auren dole iri ɗaya, da muguwar kishiya iri ɗaya.

A harkar fim abin ya fi fitowa fili, domin a can hannun ɗan kasuwa ya kai har cikin labarin. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sana'ar ta ginu a kan wani tsari da duk wanda ya yi zamanin kaset ya sani. Furodusa yakan buga kwalin fim ɗinsa, ya miƙa wa dillalai uwar kaset, su kuma su sayi kwalaye gwargwadon yadda suke ganin fim ɗin zai shiga, su kwafa a injinansu, su sayar. Ke nan kuɗin furodusa yana rataye da yawan kwalin da dillali ya yarda ya ɗauka. Shi kuwa dillali abu biyu yake dubawa: fuskar wa ke jikin kwali, kuma waƙa nawa ke ciki. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwar da ba a saba gani ba a ƙarshen shekarun 1990, sai waƙa da rawa da kiɗan fiyano suka zama kamar sharaɗi. Har ta kai ana fara shiga ɗakin ɗaukar waƙa kafin a san labarin da za a yi, a saki waƙoƙin su zagaya gari a matsayin talla, daga baya a nemo labarin da za a rataya su a jikinsa. Daraktan da ya zo da labarin tarihi, ko na ƙauye, ko wanda ba shi da soyayyar mutum uku, amsar da yake samu a kasuwa guda ce: ba ya tafiya.

Kaset ya wuce, faifan CD ma ya wuce, amma masu wannan ra'ayi suna cewa ciwon yana nan, gida kawai ya sauya. Yau fim mai dogon zango a YouTube kuɗinsa yana zuwa ne daga yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka yi suna kallo, don haka labarin da ya kai ƙarshensa ba a barinsa ya ƙare. Ana ƙara masa zango a kan zango, a tayar da rigimar da aka riga aka kashe, a cusa tallar atamfa ko maganin gargajiya a bakin jarumi a tsakiyar magana. A ɓangaren rubutu kuma, littafin da ake sayarwa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp yana tilasta wa marubuciya ta fitar da sabon shafi kusan kullum, in ba haka ba waɗanda suka biya su fara ƙorafi. Wasu sun gano cewa batsa ta fi saurin kawo masu biya, suka bi ta nan. Wannan kam babu mai son harshen Hausa da zai kare shi.

Duk wannan gaskiya ne. Inda nake rabuwa da masu sukar shi ne wajen abin da suke auna zamanin kasuwa da shi. Sukan ɗauko Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Magana Jari Ce su ce ga adabin da aka yi don fasaha, ba don kuɗi ba. To amma waɗannan ma da ubangidansu. Gasar 1933 da ta haifi littattafan farko Rupert East ne ya shirya ta a ƙarƙashin hukumar gwamnatin mulkin mallaka da ke Zariya, don a samu abin karantawa a makarantun boko. Shi ya faɗi irin labarin da ake so, shi ya zaɓa, shi ya gyara, kuma hannunsa a gyara ba mai sauƙi ba ne. Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, gwani ne da ba a jayayya a kansa, amma aiki aka ba shi, aka ɗauki nauyinsa, aka tanadar masa littattafan da zai duba, aka kuma tanadar masa masu karatu, wato 'yan makaranta. Haka aka ci gaba a zamanin hukumar ɗab'i ta NORLA a shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966. Mai saye ɗaya ne babba, shi ne hukumar ilimi, kuma abin da zai shiga manhaja shi ake bugawa. Wannan ma ciniki ne, sai dai masu yanke hukunci a cikinsa ba su da yawa, kuma duk maza ne 'yan boko.

A duba abin da wannan tsari ya bari a waje. Daga 1933 sai da aka yi kusan rabin ƙarni kafin a ga ƙagaggen labari na mace a buge, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karanta Hausar boko, sannan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Wannan giɓin ne matasan Kano suka cike da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ta rubuta abin da ke faruwa a cikin gidaje, na mazan da ke wofintar da iyali da matan da ake kora da 'ya'ya, da harshen da matan suke magana da shi. Ina shakkar a ce wani kwamitin manhaja na wancan lokaci zai sa hannu a kan irin wannan. Matan aure da 'yan mata ne suka saya, suka yi ta ara wa juna, suka karɓi haya a shaguna, suka saurara a rediyo. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci, aka karanta shi a ƙasashen da ba su san Ƙofar Wambai ba. Littafin da aka ce na kasuwa ne, kasuwar ce ta raya shi har ya kai can.

Tarihin garin ma yana goyon bayan wannan ɓangare. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano, ana kai su har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Turkuɗin Kura bai kai inda ya kai a kyau ba sai don Buzayen da ke saye sun san abin da suke so, kuma ba sa karɓar wanda bai sha baba da bugu yadda ya kamata ba. Mai saye mai ido yana ɗaga sana'a. Karofin Ƙofar Mata ba don nishaɗi aka haƙa shi ba, don ciniki ne, kuma cinikin ne ya riƙe shi ƙarni bayan ƙarni.

Mawaƙanmu sun nuna fuskokin nan biyu, na ubangida ɗaya da na masu saye da yawa, tun kafin a fara buga littafi a Kano don sayarwa. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, yana ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa. Ci da sha da sutura ba su dame shi ba, don haka ya samu sararin tace waƙa har ta zama abin da ake nazari a jami'a yau. Amma iyakarsa ita ce fadar, ba zai yi waƙar da za ta ɓata wa ubangidansa rai ba. Mamman Shata kuwa na kowa ne. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da manoma da matan gari, kuma saboda masu ba shi suna da yawa, babu mutum ɗaya da ya isa ya rufe masa baki. Ubangida ɗaya yana ba da lokaci ya karɓe 'yanci. Masu saye da yawa suna ba da 'yanci, amma ba sa jira. Wanda ya ce ɗayan waɗannan gwanaye biyu bai yi fasaha ba saboda hanyar cin abincinsa, bai saurare su ba.

To ina matsalar take? A ganina an daɗe ana ɗora wa mai karatu da mai kallo laifin da ba nasu ba. Idan aka ce kasuwa ba ta so, yawanci ba a tambayi kasuwar ba, dillali aka tambaya. Shi kuma dillali, ba don mugunta ba, abin da ya sani shi ne abin da ya sayar jiya. Kuɗinsa ne a ciki, yana tsoron asara, don haka kullum zai nemi a maimaita masa abin da ya riga ya ga ribarsa. Amma a duba abubuwan da suka girgiza kasuwar Kano, za a tarar kowannensu baƙo ne a ranar da ya fito. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, a farkon shekarun 1990, ya mamaye gari ne domin matasa sun ji ana maganarsu da irin bakinsu, abin da ba su saba samu a littafi ba. Sangaya da kansa sabon abu ne lokacin da ya fito, waɗanda suka biyo sawunsa ne suka mayar da shi ƙa'ida. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, babu rawa da waƙa irin ta Indiya, babu manyan taurarin da ake bugawa a kwali, sai rayuwar unguwa da malamin tsangaya da 'yan gudun hijira da matasa masu shaye-shaye, mutanen da aka yi shekaru ana cewa waƙa kawai suke so suka zauna gaban talabijin mako-mako. Bayansa Kwana Casa'in ya zo da siyasa da aikin jarida da cin hanci, shi ma ya samu jama'a. Ba zan ɓoye ba, tashar ta fara ne da tallafin gwamnatin Amurka, wato dai wani ubangidan ne ya sayi lokacin da aka yi gwajin. Amma gwajin ya nuna cewa masu kallo sun fi yadda dillalansu suke zato.

Maimaicin da aka ɗauka shi ne hanyar tsira, shi ya taimaka wajen rusa kasuwar. Da finafinan suka zama kusan abu ɗaya, sai ga fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta shigo da ƙarfi a shekarun 2010, mai kallo ya ga asalin abin da ake kwaikwaya, da kayan aiki mafi kyau, da harshensa, a farashi mai sauƙi. Ga masu tura finafinai a waya a kowace kwana suna sayar da aikin da ba su zuba ko kwabo a cikinsa ba. Cinikin faifai ya durƙushe, shaguna da yawa suka koma sayar da wasu kayan. Waɗanda suka ce a bar fasaha a bi kasuwa sun wayi gari babu fasahar, babu kasuwar.

Sai dai akwai inda masu suka suka fi ni gaskiya, kuma nan ne zancen ya fi yi mini nauyi. Abu biyu da tsohon tsari ya ba marubuci, kasuwar Kano ba ta taɓa ba shi su ba: lokaci da mai gyara. Imam yana da wanda zai karanta aikinsa ya ce wannan babin bai yi ba, a sake. Marubuciyar da ke tura shafi a waya da tsakar dare ba ta da kowa sai masu yi mata sambarka. Baiwa tana nan, na sha karanta shafukan da suka tsayar da ni saboda kyan hira ko zurfin lura da halin mutane, amma suna nutse a cikin shafuka hamsin da ya kamata a zubar. Ba a magance wannan da doka. An kafa hukumar tace finafinai ta jihar Kano a 2001, aka tsananta a 2007, har aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka ɗaure wasu 'yan fim. Ko mutum yana ganin an yi daidai ta fuskar tarbiyya ko bai gani ba, babu jimla ɗaya da ta ƙara kyau saboda wannan. Mai tacewa aikinsa ya hana, mai gyara aikinsa ya inganta, kuma na biyun ne muka rasa. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna abin da alƙalai masu karatu da idon basira za su iya fitarwa daga marubuta mata idan aka ba su iyakar kalmomi da wa'adi. Amma gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, ba ta ciyar da marubuci sauran watannin.

Don haka ban ga amfanin a ce wa mai fasaha ya juya wa kasuwa baya ba. Wanda ke faɗin haka yawanci yana da albashi a wani wuri. Marubuci da darakta da mawaƙi suna da iyali, kuma neman halal da sana'ar hannu ba abin kunya ba ne a garin da aka gina da fatauci. Abin da nake gani shi ne akwai abin da ake ciniki a kansa, akwai wanda ba a yi. Farashi, da hoton bango, da ranar fitarwa, da tsawon kowane kashi, da inda za a sa talla, duk waɗannan a saurari ɗan kasuwa, ya fi kowa sanin su, kuma mai fasahar da ya raina wannan ilimi zai yi ta ajiye aikinsa a ƙarƙashin gado. Amma abin da jaruma za ta yi idan an kai ta bango, da wanda zai mutu da wanda zai rayu, da inda labari ya ƙare, waɗannan ba na mai shago ba ne, ba kuma na alƙaluman YouTube ba. Maɗinkin babbar riga yakan karɓi zaɓin mai riga a kan yadi da launin zare da ranar karɓa, amma ba ya yarda a ce ya rage ɗinkin ciki don a yi sauri, domin ya san sunansa ne zai yage tare da rigar.

Marubutan Kano sun taɓa haɗa kai a kan ciniki. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Gidan Dabino da Balaraba Ramat da Ɗan'azumi Baba suka kasance cikinta, takan sa tambarinta a littattafan 'ya'yanta, ta jera sunayen waɗanda suka fito da masu fitowa, kowane littafi yana tallata ɗan'uwansa. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki. Irin wannan haɗin kai ne ake bukata yau a kan gyara. Ƙungiyoyin marubuta sun yi yawa a intanet, kowace da ɗaruruwan mambobi, kuma kuɗi yana shigowa kai tsaye daga masu karatu ba tare da dillali ba, abin da marubutan 1990 ba su samu ba. Ƙungiya ɗaya za ta iya ɗaukar mutum biyu da suka san harshe da ginin labari, daga cikin ɗaliban Hausa da Jami'ar Bayero da sauran makarantu suke yayewa duk shekara, ta ce tambarinta ba ya hawa littafin da bai bi ta hannunsu ba. Ladansu a cire shi daga cinikin kashi na farko, kafin a saki na biyu.